A dakata da batun sa talakawa su yi wa ɓarayin gwamnati shari'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan shawarar da wasu ke bayarwa, cewa a riƙa ɗebo mutum 12 daga cikin jama'a su yanke hukunci a shari'o'in cin hanci da wawure dukiyar ƙasa, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Aikin magatakarda na yi a kotu har na yi ritaya, kuma takaicin da ya haifi shawarar nan ni ma yana cina. Duk da haka ban goyi bayanta ba.

Hujjarsu James Ibori ne, tsohon gwamnan jihar Delta. A 2009 Babbar Kotun Tarayya da ke Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da EFCC ta yi masa, sai ga shi a 2012 ya amsa laifinsa a Landan, aka ɗaure shi shekara 13. Haka ne. To su tuna irin tarbar da aka yi masa a garinsu Oghara da ya dawo a 2017, da kiɗa da rawa kamar wanda ya ciwo yaƙi. Daga cikin wannan taron za a zaɓo masu hukuncin? Mu ma a Arewa, in aka kama namu, sai ka ji ana cewa bi-ta-da-ƙulli ne.

Sannan a dubi wanda za a ɗauko: malamin firamare, tela, mai shago. Kowa ya san ƙofar gidansa. Daren farko za a turo masa kawunsa ko mai unguwa, da buhun shinkafa a bayan mota. In ya ƙi karɓa, wa zai tsare shi da iyalinsa?

Abin da na ga yana kashe shari'a da idona shi ne ɗage zama. Lauya ya miƙe da takardar asibiti, ko mai gabatar da ƙara ya ce an yi wa shaidarsa canjin wurin aiki, sai in rubuta sabuwar rana, wata uku gaba, fayil ya koma kabad. Orji Kalu, tsohon gwamnan jihar Abia, tun 2007 aka gurfanar da shi, sai 2019 aka yanke masa shekara 12, a 2020 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin don an riga an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Joshua Dariye da Jolly Nyame kuwa, tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, an ɗaure su a 2018, a 2022 aka yi musu afuwa. Wanne daga ciki mutum 12 za su hana?

Roƙona ga 'yan Majalisar Tarayya shi ne a ware kotuna na musamman, a tilasta zaman kullum da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada, a kuma gyara sashe na 175 na kundin tsarin mulki don a cire satar dukiyar jama'a daga laifukan da shugaban ƙasa zai iya yafewa.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Kaduna