Kwali ɗaya ya isa a saƙa gicciyen Birijid na mutanen Ayilan

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin malaman aikin hannu da iyayen da ke shirya wa yara kayan ado na bukukuwan wasu ƙasashe, musamman a makarantun mishan masu tsohuwar alaƙa da Ayilan. Limaman Katolika 'yan ƙasar sun daɗe suna aiki a Jos da Kaduna da Yola da Minna, kuma tun 1961 'yan Katolikan Najeriya suka riƙi Patrick, waliyin Ayilan, a matsayin waliyin ƙasarsu. To amma duk sa'ad da aka ce a yi adon Ayilan, abin da ake gani bai wuce koriyar hula da ganye mai kunne huɗu ba. Ganyen ma an yi kuskurensa, domin shamrok, ganyen da ke alamar Ayilan, kunne uku gare shi. Yaro ya yanka ya manna, ya tashi bai koyi komai ba. Abin da ya fi dacewa a koya masa shi ne gicciyen Birijid, wanda saƙa shi ake yi, kuma takardar kwali tana yin sa sarai idan an san kanta.

Birijid waliyiya ce ta Ayilan, ta rayu tsakanin ƙarni na 5 da na 6, ita ce ta kafa gidan ibada a Kildare. Labarin da Ayilawa ke bayarwa shi ne ta zauna kusa da wani basarake da ke gargarar mutuwa, ta tsinci ciyawar fadama da aka shimfiɗa a ɗakin tana saƙawa tana yi masa bayanin addininta. Ranarta 1 ga Fabrairu, wadda ta yi daidai da Imbolc, tsohon bikin shigowar bazara a can, kuma akwai wata allahiyar gargajiya mai irin sunanta, shi ya sa al'adar ta haɗa tsoho da sabo. A daren 31 ga Janairu iyali kan taru su saƙa sabon gicciye, a rataye a bisa ƙofa ko a soke cikin jinka, da imanin zai tsare gida daga gobara da yunwa. A wasu gidajen ba a cire na bara, har akan ƙirga su a san shekarun ɗakin. Daga 2023 gwamnatin Ayilan ta mayar da bikin ranar hutu. Siffofin gicciyen suna da yawa, har da mai hannu uku da ake sa wa a garken dabbobi, amma mai hannu huɗu ya fi shahara, kuma shi nake nufi a nan.

Nauyin takarda ne farkon abin dubawa. A nemi kwali mai giram 160 zuwa 180, lambar tana rubuce a jikin ƙunshin. Takardar buga rubutu mai giram 80 ba ta tsayawa, hannuwan za su langaɓe cikin kwana kaɗan. Wanda ya haura giram 220 kuma tsagewa yake yi a wurin naɗi. A kuma duba gefen kwalin kafin a biya kuɗi: idan cikinsa fari ne, launin a sama kawai aka shafa, kuma kowace yanka da kowane naɗi za su bar farin layi. Wanda aka rina har ciki shi ake so. Kore da ruwan ƙwai mai duhu sun fi kama da asali, domin ciyawar koriya take sa'ad da aka yanko ta, ta bushe ta koma ruwan kara. Sauran kayan su ne rula ta ƙarfe, reza ko wuƙar yankan takarda, fensir, biron da tawadarsa ta ƙare, farin gam irin na kafintoci, tsinken sakace, zare da allura, sai ƙananan maƙalan shanya guda huɗu.

Kwali mai girman A4 tsawonsa santimita 29.7 ne, faɗinsa 21. A yanka shi bisa tsawo, sili-sili, kowane faɗin milimita 7. Za a sami sili 30, ana bukatar 16 na saƙa da guda biyu na ɗauri, saura na ko-ta-kwana. Babba ne zai yi yankan, a kan katako ko tsohon kwali mai kauri, reza tana bin gefen rula sau biyu a hankali maimakon a danna sau ɗaya. Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen gefe, kuma bambancin milimita ɗaya tak yana fitowa fili a tsakiyar saƙar. Sannan a auna tsakiyar kowane sili, a ja layi da busasshen biron, a naɗe a kan layin. Wannan jan layin ba ƙawa ba ne. Bikin yana faɗowa cikin hunturu a wurinmu, kwali ya bushe ƙayau, idan aka naɗe shi haka nan sai ya dare. Kowane sili yanzu yana da gindi, wato wurin naɗin, da ƙafa biyu.

A riƙe sili na farko a tsaye, gindi ƙasa, ƙafafu sama. A buɗe na biyu a rungumo ƙafafun na farkon duka biyu da shi, ƙafa ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, bakinsa yana kallon dama, a bar kamar santimita ɗaya na gindin na farko a ƙasa. A danne tsakiya da babban yatsa, a juya aikin kwata guda zuwa hagu, yadda wanda aka sa yanzu zai kalli sama. A rungumo shi da na uku, shi ma baki dama. A sake juyawa hagu, a rungumo na uku da na huɗu. Nan ne kullin yake: ƙafafun na huɗu za su iske gindin na farko a gabansu, sai a zura su ta cikinsa. A ja hannuwan huɗu a hankali, biyu masu fuskantar juna a lokaci guda, har tsakiya ta haɗe ta zama ɗan murabba'i mai gida huɗu. Ƙa'idar dai guda ce har ƙarshe: ƙari a dama, juyi a hagu.

Zagaye na biyu haka yake tafiya, sai dai sabon sili yana rungumar duk abin da ke kallon sama, ya kwanta daf da wanda ya riga shi ba tare da ya hau kansa ba, kamar yadda ake jera kaba a saƙar tabarma. Idan an sa na huɗu a zagayen, a sassauto gindin wanda aka fara zagayen da shi, a zura ƙafafun, a mayar a matse. Masu saƙa da ciyawa sukan bar wannan kulli sai a ƙarshe, amma kwali yana da santsi, gara a kulle kowane zagaye. Zagaye huɗu ke nan, sili huɗu a kowane hannu. Mai son launi biyu ya canza launi a farkon zagaye, kada ya canza a tsakiyarsa, sai murabba'ai su fito ɗaya cikin ɗaya. Tsakiyar za ta kai kusan santimita 5 da rabi.

Matsalar da aka fi samu ita ce a manta a juya hagu sau ɗaya. Alamarta hannu guda ya yi sili biyar wani ya yi uku, ko sabon sili ya rasa wurin kwanciya. Ba ta gyaruwa da gam, sai an warware zuwa inda aka kauce. Ta biyu ita ce rungumar sabon silin kaɗai a bar 'yan'uwansa, sai tsakiya ta yi rami. Idan kuma aikin ya kumbura ya ƙi kwanciya, an ja da ƙarfi ne, a sassauta a danne da tafin hannu. Yara ƙanana hannunsu ba ya iya riƙe tsakiya da juyawa a tare, saboda haka a maƙale kowane hannu da maƙalin shanya yayin da suke aiki, ko a faɗaɗa musu silin zuwa santimita ɗaya a tsaya a zagaye biyu.

Bakin hannuwan ba zai zo daidai ba, domin kowane zagaye yana cin milimita 7 fiye da na baya. A daidaita su da mafi gajarta a yanke, faɗin aikin gaba ɗaya zai tsaya wajen santimita 24. Na ciyawa akan tattara bakinsa a ɗaure tam, amma kwali ba ya lanƙwasuwa ta gefe, idan aka matse shi haka tsakiya za ta murɗe. A yanki guntu mai tsawon santimita 7 a naɗe kowane hannu da shi, santimita 2 daga baki, a ɗiga gam da tsinken sakace a inda guntun ya hau kansa kawai. Gam mai yawa ruwa ne, yana sa kwali ya yi tudu da kwari. A sa aikin a ƙarƙashin littafi mai nauyi ya kwana.

Wata magana ga malamai. Wannan abu alama ce ta addinin Kirista a wurin masu shi, bai kamata a ɓoye wa iyaye hakan a kira shi ado kawai ba. A ajin da ya haɗa Musulmi da Kirista, a ba da labarin a matsayin al'adar Ayilawa, wanda ba zai yi gicciye ba ya yi saƙar nan ɗin, ya kai ta zagaye shida, ya manne bakin, ya yanke hannuwan gaba ɗaya, ya sami murabba'in ɗora kofi.

Wajen ratayewa, a huda ɗaurin hannun sama da allura a zura zare mai tsawon santimita 20. Saboda hannuwan ba a tsakiya suke ba, kowane ya ɗan goce gefe, ramin ya kasance kusa da gefen da ke bin tsakiyar murabba'in, in ba haka ba zai karkace. A nisanta shi da fitila da kyandir da murhu, a kuma kauce wa bangon da rana ke duka, domin koren kwali yana saurin koɗewa.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Malamin aikin hannu,
Jos, Jihar Filato.