Amsar Tambayarka Daga Doha

Assalamu alaikum ƙanina,

Da fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida a Tudun Wada. Ni ma lafiya lau, sai zafi, wanda ya fi na Afrilu a Kaduna.

Tambayar da ka yi mini a waya ta tsaya mini a rai: wai in akwai halittu masu hankali iri-iri a wasu duniyoyi, yaya zama da su zai kasance? Ba shirme ka tambaya ba. A 2022 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce duniyoyin da aka tabbatar suna zagaya wasu taurari sun haura 5,000. Tauraron TRAPPIST-1 kaɗai yana da bakwai, ɗaya shekararta kwana shida ce. Ɗan shekara goma a can, jaririn wata biyu ne a wurinmu.

Ni dai ɗakinmu na duba. Mu shida ne, ƙasashe huɗu. Abokina ɗan Habasha ya ce mu haɗu ƙarfe biyu mu je duba wani marar lafiya. Na zo bayan azahar, ashe takwas na safe yake nufi, don su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Watanninsu ma goma sha uku ne. Ɗan Adam ke nan, rana ɗaya ke fito mana! To ina ga maƙwabcin da darensa ya kai wata guda? Yaushe za ka ƙwanƙwasa masa ƙofa?

Abinci ma haka. Ɗan Indiyarmu ba ya cin nama, tukunyarsa daban, cokalinsa daban, kuma ban taɓa taɓa su ba. Ina jin zama da waɗancan halittu a nan zai fi nauyi: wanda iskar da muke shaƙa guba ce gare shi, wanda ke gaisuwa da canza launin fata, wanda za ka yi ciniki da shi a Kasuwar Barci bai san "albarka" ba.

Kumbon Voyager da aka harba a 1977 yana ɗauke da gaisuwa ga halittun wasu duniyoyi cikin harsuna 55. Akwai Larabci, babu Hausa, abin ya dame ni. Da ni aka tambaya, "sannu da zuwa, ya hanya?" zan ce a saka.

Ka gaida su Baba da kyau. Ka roƙi Inna ta haɗa mini daddawa da yaji in an sami mai tahowa.

Naka,
Yayanka