Zuwa ga abokan cinikinmu masu jiran sakamakon gwajin leda

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu.

Mun san kun gaji da jin "sai wani mako". Har an kawo mana labari daga Agege cewa wai mun karɓi kuɗin mutane mun yi zamanmu. Wallahi maganar ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu: wani sashe na injin gwajin ne ya lalace, shi ya jawo jinkirin.

Samfurin ledarku da muke karɓa, ta biskit ce ko ta sabulun gari, ba a nan Legas ake gwada shi ba. Wani ɗakin gwaji muke aika wa a Turai, kuma tun ranar farko ba mu ɓoye wa kowa haka ba. Kafin a gano dalilin da ya sa tawada ke ɓarewa ko rufin leda ke rabuwa, sai an kankare fuskarta kaɗan-kaɗan, ana duba kowane rufi. Da iskar argon ake kankarar, amma a dunƙule, ƙwayoyin zarra ɗaruruwa zuwa dubbai a curi guda. Idan curi mai ƙwaya 2,000 ya taho da ƙarfin 10,000 eV (ma'aunin ƙarfin ƙwayoyin ke nan), eV 5 kacal kowace ƙwaya za ta ɗauka, sai ta share sama ba tare da ta lalata na ƙasa ba. Ƙwaya ɗaya tilo kuwa duk ƙarfin take ɗauka, ta nutse cikin roba ta tsinka sarƙar sinadarinta.

Saboda haka injin kankarar yana da matata, kamar rariyar tankaɗe, don ware irin waɗannan ƙwayoyi tilo daga curin. Matatar Wien ake ce mata. Lantarki da maganaɗisu ne aka gitta, suna kauce da marasa nauyi masu saurin gudu, su bar curin da ake so ya wuce. To, ita ce ta lalace a ɗakin gwajin na Turai. Ba injinmu ba ne, ba mu muka taɓa shi ba. Za a iya yin gwajin a haka, takarda ta fito da hatimi, amma lalacewar da za ku gani a ciki injin ne ya yi ta, ku je ku yi faɗa da mai sayar muku da tawada a banza. Wannan kam ba da sunanmu ba. Ga dala kuma, kowa ya san halin da ake ciki, kuma ba mu ƙara muku ko kwabo ba.

Muna tuntuɓar masu ɗakin gwajin, muna kuma duba wasu hanyoyi. In Allah ya yarda ba za a daɗe ba.

Alhajinmu na Ikeja, da kai muka fara tun muna shago ɗaya, kai ka kai mu wurin 'yan'uwanka na Kano. Hajiya mai ledar burodi, ko sau ɗaya ba ki ɗaga mana murya ba, Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka ɗauke ba mu riƙe su a zuci ba, ƙofa a buɗe take.

Mai son kawo sabon samfuri, don Allah a naɗe shi a takardar alminiyam, kada a taɓa fuskarsa da hannu, maiƙon yatsa ma yana fitowa a gwaji. Ofis a buɗe yake Litinin zuwa Asabar.

Naku,
Manaja, a madadin ma'aikata
Legas