Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: Don Allah A Tuna Da Masu Kansar Ƙashi

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni mai sayar da albasa ne a Mile 12, a Agege nake zaune.

Ɗan yayana ne, shekararsa 15, gwiwarsa ta kumbura muka ɗauka targaɗe ne ya samu wajen ƙwallo muka kai shi wajen mai ɗori, wannan kam laifinmu ne na yarda. Sai da ciwon ya fara hana shi barci da daddare sannan muka tafi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya daɗe yana kallo, ya ce sai an yi wani hoton da ake kira MRI, a yi hoton CT na ƙirji a ga ko abin ya kai huhu, sannan a ɗebi tsoka a kai gwaji. Kowanne da kuɗinsa daban, kuma sai ka biya kafin a saka maka rana. Karo-karo muka yi ta yi a masallaci da cikin kasuwa, kafin mu haɗa na wannan makonni sun wuce, kumburin kuma ba ya jiran kowa, har wandonsa ya daina shiga.

Sakamako ya fito, osteosarcoma, wato kansar ƙashi. Likitan ya ce da an gano da wuri za a iya fara masa kemo, wato allurar maganin kansa, a cire inda ya lalace a saka ƙarfe, ƙafar ta tsira. An yanke ta sama da gwiwa. Takalmin ƙwallonsa na nan ƙarƙashin gado, uwarsa ta hana kowa taɓawa.

Ranka ya daɗe, Asusun tallafin masu kansa da aka kafa, da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza aka fara, Allah ya saka. To yaran nan fa? Cutar nan samari da 'yanmata ta fi kamawa. Don girman Allah a saka kansar ƙashi a ciki, kuma tallafin ya fara tun daga hoto da gwaji, don a nan muke rasa ƙafafun.

Tun 2001 aka yi alkawari a Abuja na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, dokar inshorar lafiya ta 2022 ma mu 'yan kasuwa har yanzu a rediyo kawai muke jin ta.

Jibi za mu koma kemo, kuɗin allurar bai cika ba tukuna.