Gidajen Rediyon Sakkwato, a Waiwayi Wasannin Makarantu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da gidajen rediyon Sakkwato, tun daga Rima ta gwamnatin jiha har masu zaman kansu irin su Vision FM da Garkuwa FM. Yaro a Mabera zai jero maka 'yan wasan Real Madrid tsaf, amma bai san ranar da sakandaren bayan gidansu za ta buga ƙwallo ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da NUGA (gasar wasannin jami'o'in Najeriya), Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana da NIPOGA (ta kwalejojin kimiyya da fasaha), Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana da NICEGA (ta kwalejojin ilimi), ga gasar gida-gida ta sakandare duk shekara. Abin faɗa bai yi ƙaranci ba.

Uzurin da aka saba ji shi ne rashin motar watsa shiri kai tsaye. Wasan makaranta ba ya buƙatarta. Mutum biyu sun isa: ɗaya ya yi sharhi, ɗaya ya riƙe takarda yana rubuta minti da sunan wanda ya ci. Kayan aiki kuwa waya biyu masu layin kamfanoni daban-daban, abin sawa a kunne mai makirufo, da batirin caji. A lulluɓe makirufon da soso, domin iskar hunturu tana cinye murya. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, wayar da aka bari a rana kashe kanta take yi, sai a nemi inuwa. Kuma kada a kunna rediyo kusa da mai sharhi, ƙara za ta yi ta komawa cikin layin.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne sunaye. Rigunan makarantu da yawa ba su da lamba, wasu ma aro ne, sai ka ji ana ta "mai jar riga" har a tashi. Maganinsa, malamin wasanni ya miƙa jerin suna da aji da lamba minti 30 kafin a take wasa, da sa hannun shugaban makaranta. Inda ba lamba, a manna ta da salatif a baya. Wannan takarda tana da wani amfanin: makarantar da ta san za a karanta suna da aji gari ya ji, za ta yi nauyin ɗauko sojan haya mai gemu ta ce ɗan aji biyar ne.

Ba kowane wasa ne sai an watsa kai tsaye ba. Yawanci ana farawa bayan La'asar a gama kafin Magariba, don haka saƙon murya na minti ɗaya da rabi ta WhatsApp zai riski shirin dare: sakamako, waɗanda suka ci, da wasa na gaba. A gasar gudu, a faɗi lokacin da agogo ya nuna, kada a tsaya ga "ya zo na ɗaya".

A sa langa da kokawa a ciki. Wasannin 'yan mata kuma a nemi yardar makaranta da iyaye kafin a ambaci suna. Ma'aikatar ilimi ta riƙa aika jadawalin zango tun makon farko, in an ɗage wasa a sanar kafin azahar.

Wassalam,
Wasu malaman wasanni, Sakkwato