Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaba Donald Trump: ina yaƙe-yaƙen da ka ce ba za mu shiga ba?

Mai girma shugaban ƙasa, ina gaisuwa. Barka da cika shekara guda a kan mulki.

Na san ba ka jin Hausa. Da a ce sashen Hausa na Muryar Amurka yana nan da ransa, da sai in ce wani daga cikin ma'aikatansa ya fassara maka, to amma tun watan Maris na 2025 ka sa hannu a takardar da ta rufe musu baki. Saboda haka zan rubuta da harshen da nake fushi da shi, wanda ya ga dama ya kai maka.

Ni direban babbar mota ne a Greensboro, jihar North Carolina. A Birnin Konni aka haife ni, a nan Amurka na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, a nan nake biyan haraji. Kuma ranar 5 ga Nuwamba 2024 kai na jefa wa ƙuri'a. Wannan ƙuri'a ta jawo mini zagi ba kaɗan ba. Bayan sallar Juma'a in mun tsaya a farfajiyar masallaci, abokaina kan ce mini, "Kai Alhaji, mutumin da ya hana Musulmi shigowa a 2017 shi za ka zaɓa?" Ni kuma in ce musu na gaji da ganin gawawwakin yaran Gaza a waya, na gaji da masu daɗin baki da ke sayar da bama-bamai, ga shi wannan ya ce zai kashe wutar yaƙi ya sauko da farashin kaya. Matata ba ta yarda da ni ba. Babban ɗana, wanda a nan aka haife shi, sati biyu ba ya ɗaga wayata.

Abin da na dogara da shi maganarka ce, ba ta wani ba. A Fabrairun 2016, a muhawarar South Carolina, ka tsaya gaban ƙanen George Bush ka ce yaƙin Iraki babban kuskure ne, 'yan jam'iyyarka suna yi maka ihu ba ka janye ba. Ranar da aka rantsar da kai, 20 ga Janairu 2025, ka ce za a auna nasararka da yaƙe-yaƙen da ka kawo ƙarshensu, musamman ma waɗanda ba a shiga ba sam. Sai kuma Riyad, ranar 13 ga Mayu. Wannan jawabin ina tuƙi a babbar hanya na saurare shi, sai da na ratse gefe na maimaita. Ka ce masu da'awar gina ƙasashe sun rusa ƙasashe fiye da waɗanda suka gina, kuma suna tsoma baki cikin al'ummomin da ba su fahimta ba. Wallahi na aika wa kowa a WhatsApp. Na ce ga shi nan, shugaban Amurka da bakinsa ya faɗi abin da tsofaffinmu ke faɗi a tashar Konni tun ranar da aka kashe Gaddafi a 2011, makaman Libiya suka watsu cikin Sahel, muka rasa barci har yau.

To, ranka ya daɗe, bari in karanto maka abin da ya biyo baya, ko da ka manta.

Tun kafin jawabin Riyad ma, daga 15 ga Maris har farkon Mayu jiragenka suna ruwan wuta a Yaman. Somaliya kuwa ba a ma ƙirgawa. Kwana arba'in bayan Riyad, daren 22 ga Yuni, ka tura jirage suka daki cibiyoyin nukiliya na Fordo da Natanz da Isfahan a Iran. Daga 2 ga Satumba aka fara harbe ƙananan jiragen ruwa a tekun Karebiyan da Fasifik, mutum sama da 100 suka mutu kafin ƙarshen shekara, ba kotu, ba shari'a, an ce dai masu safarar ƙwaya ne. A cikin watan nan na Satumba ka mayar wa Ma'aikatar Tsaro suna Ma'aikatar Yaƙi. Aƙalla a nan ba ka ɓoye mana komai ba. Ranar 3 ga Janairun nan sojojinka suka shiga Karakas suka ɗauko shugaban Venezuela Nicolas Maduro da matarsa suka kawo New York, kai kuma ka fito ka ce Amurka ce za ta tafiyar da Venezuela kafin a ga abin da hali zai yi, kana ta maganar man fetur ɗinsu.

Tafiyar da Venezuela! Ni ban taɓa son Maduro ba, kuma na ɗauki kaya tare da 'yan Venezuela da yunwar mulkinsa ta koro su nan, na san abin da suke faɗi. Amma in wannan ba gina ƙasa ba ne, mene ne sunansa? Mutumin da ya yi jawabin Riyad ya fahimci Venezuela ne fiye da yadda Bush ya fahimci Iraki? Shi ma fa Bush cikin makonni uku ya kama Bagadaza, har ya hau jirgin ruwa ya yi shelar an gama. Abin da ya biyo baya shi ne ya ci sojan Amurka kusan 4,500 da Irakawa dubu ɗaruruwa. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta kuɗin yaƙe-yaƙen bayan 2001 ya kai dala tiriliyan 8. Kai da kanka ka sha kawo irin wannan lissafi a wajen kamfe, kana cewa da an zuba kuɗin a gida da gadojinmu da filayen jirginmu ba su lalace ba. Ni da nake bin hanyoyin nan kullum, na tabbatar maka ramukan suna nan inda ka bar su.

Akwai wanda ya shafe ni kai tsaye. Daren Kirsimeti ka ba da sanarwar ka kai hari jihar Sakkwato. Daga Konni zuwa Illela ƙetare iyaka ne kawai, ƙannen mahaifiyata suna can. Ban yi barci ba ranar, ina ta buga waya. Gwamnatin Najeriya ta ce da yardarta aka yi, na ji. Kuma ba wanda zai koya mini wahalar Lakurawa da 'yan bindiga, mutanenmu ne suke biyan kuɗin fansa, su ake kora daga gona. Amma ka ce ka yi ne don ceton Kiristoci, a yankin da waɗanda ake kashewa kusan dukansu Musulmi ne, ɓaraguzan makami kuma suka faɗo a Jabo, garin da mutanensa suka ce su ba su san wani sansanin 'yan ta'adda a wajensu ba. Wannan ba shi ne tsoma baki cikin al'ummar da ba a fahimta ba? Mun riga mun ga wannan wasan a Nijar. A zamanin mulkinka na farko, Oktoban 2017, aka kashe sojan Amurka huɗu da sojojin Nijar a Tongo Tongo, manyan sanatoci suka fito suna cewa ba su san yawan sojan da ke can ba. Aka kashe sama da dala miliyan 100 a sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas, a 2024 aka tattara aka fita, 'yan ta'adda suna nan sun ma fi da yawa.

Kada ka ce 'yan adawa ne kaɗai ke wannan ƙorafi. Gidanka ne ya rabu biyu. Ɗan jarida Tucker Carlson da tsohon mai ba ka shawara Steve Bannon sun ja kunnenka kan Iran, sanatoci Lindsey Graham da Ted Cruz suna zuga ka. Thomas Massie da Rand Paul, 'yan majalisa ne na jam'iyyarka ta Rifablikan, sun yi ta tuna maka cewa tsarin mulki Majalisa ya ba wa ikon shelar yaƙi, kuma akwai dokar 1973 da aka yi bayan Biyetnam don kada shugaba ya riƙa jefa ƙasa a wuta shi kaɗai. 'Yar majalisa Marjorie Taylor Greene, wadda ta fi kowa ɗaukar hularka a ka, ta tambaye ka ina "Amurka farko" take, ka kira ta maciya amana, ta ajiye kujerarta a farkon watan nan. Sanatocin jam'iyyarka biyar da suka goyi bayan a tattauna batun Venezuela ka ce kada a sake zaɓensu. A wajenmu ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na daɗe ina fakewa da wannan karin magana ina kare ka, ina cewa su Graham ne suka kewaye ka. Yanzu na ga fadawan da suka faɗa maka gaskiya su ka kora, ka bar masu kirari.

Sai maganar aljihu, domin a nan ne abin ya fi ciwo. A Asheville, a cikin jihar nan tamu, watan Agustan 2024, ka ce za ka rage kuɗin wuta da makamashi da rabi cikin wata 12, in ya yi tsawo 18. Wata 12 sun cika. Fetur ya sauka, ƙwai ma ya sauka, ba zan hana ka wannan ba. Takardar wutar gidana kuwa sama ta yi. Ranar 2 ga Afrilun 2025 ka ɗora kuɗin fito a kan kayan kusan duk duniya, ka ce ƙasashen waje ne za su biya. Ni nake ɗauko kayan nan daga tashar jiragen ruwa, na san wanda yake biya: mai shigo da kaya ya biya a kwastan, ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya ɗora wa matata. Da aka yi maka kuka ka ce to yara su haƙura da 'yar tsana biyu maimakon talatin. Ranka ya daɗe, ba 'yar tsana muke nema ba, naman sa da gahawa da tayar mota ne suka gagara. Da ba mu ne ke biya ba, me ya sa a Nuwamba ka cire harajin daga kan nama da gahawa da ayaba don farashi ya sauko?

Ranar 4 ga Yuli ka sa hannu a dokar da ka kira babba kyakkyawa. Ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya ce za ta ƙara wa giɓin kasafi dala tiriliyan 3.4 cikin shekara goma, ta yanke kusan tiriliyan 1 daga Medicaid, maganin talakawa, ta yanke biliyan 186 daga tallafin abinci. A cikin dokar nan guda aka samo wa soja ƙarin biliyan 150. Sanatanmu Thom Tillis, ɗan jam'iyyarka, ya tsaya a zauren Majalisa ya ce wannan saɓa alkawari ne ga mutanen North Carolina, ya ƙi jefa mata ƙuri'a, ya kuma ce ba zai sake takara ba. Gwamnati ta rufe kwana 43, mutum miliyan 42 masu karɓar katin abinci suka shiga zullumi, a daidai lokacin da aka samo wa Ajantina dala biliyan 20. Tallafin inshorar lafiya ya ƙare ranar 31 ga Disamba, mu masu aikin kanmu muka buɗe wasiƙar kamfani muka riƙe baki. Sai ga shi cikin watan nan kana neman kasafin soja na 2027 ya kai tiriliyan 1.5. Ashe kuɗin akwai su. In ana maganar asibiti ne ake tuna ƙasa na da bashi.

Sauran ba zan tsawaita ba. Kashi ɗaya cikin ɗari da aka fara cira daga kuɗin da muke aikawa gida a hannu. Sunan Nijar da ka saka a jerin ƙasashen da aka hana shigowa a Disamba, mahaifiyata da takardunta suna hanya, yanzu ban san me zan ce mata ba. Wannan na bar wa Allah, kuma abokaina na masallaci sun riga sun karɓi hakkinsu na dariya.

Roƙona guda ne, kuma don girman Allah ka saurara. Kada ka tura ɗan kowa ya tsare rijiyar mai a Venezuela. Kada ka koma Iran. In kana ganin wani yaƙin ya zama dole, ka kai shi gaban Majalisa a yi muhawara a fili, kowane sanata ya ɗaga hannu mu ga fuskarsa, a kuma faɗa mana nawa zai ci da inda za a ciro kuɗin. Ƙaramin ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare, masu ɗaukar soja suna zuwa makarantarsu da takardu masu sheƙi, suna yi musu alkawarin kuɗin jami'a. Ya fara kawo su gida. Ba na so in ji an kira sunansa a wata ƙasa da shi da kai ba wanda ya san sunayen garuruwanta.

Kai ba za ka sake tsayawa takara ba, na sani. Amma ranar 3 ga Nuwamban bana akwai zaɓen Majalisa, kuma kujerar da Tillis zai bari tana jiharmu. Duk wanda ka ɗaga hannunsa zai zo yana neman ƙuri'ata. Jawabin Riyad yana nan a wayata ban goge ba, zan kunna masa in tambaye shi inda ya tsaya ranar da aka kaɗa ƙuri'ar Venezuela.

Na gode da saurare.

Wani direba ɗan Konni,
Greensboro, North Carolina
Janairu 2026