Zuwa ga Laminu, kan maganar balo

Assalamu alaikum Laminu, ina fata kana lahiya kai da innarka da ƙannenka. Ni ma nan Damagaram lahiya lau sai zahi, kaya ne ba su iso ba har yanzu shi ya sa ban dawo Maraɗi ba.

Kawunka ya kira ni jiya da dare, ya ce ya je kallon macinku da yaran Bagalam, an ci ku 3 da 1, kuma wai kai ka ci ɗayan har kana buga ƙirji. To madalla. Amma ya ce sau huɗu yana ganin ɗan Malam tsaye shi kaɗai gaban gardiye, mai tsaron raga, yana ɗaga hannu har ya gaji, kai ko ka duƙar da kai kana ta yanka kamar balon gadon gidanmu ne, ka wuce mutum biyu na uku ya amshe, sannan ka tsaya riƙe da ƙugu kana hararar arbit, alƙalin wasa. Tsayuwar nan ta fi ɓata mini rai walle, don lokacin da kake tsaye ɗin ne ake juyowa a ci ku.

Ni ma na buga a wannan fili naku na unguwar Zariya kahin a haihe ka, na san shi. Rairayi ne, balo ba ya gudu a ƙasa, in ka daɗe da shi a ƙafa zai maƙale ya ba ka kunya. Maganinsa pas gajere da ƙarhi, ka ba da ka ruga gaba a maido maka, kuma duk wanda ke da balo a samu mutum biyu kusa da shi, ɗaya gefe ɗaya baya, ba ku taru ku duka a kansa kamar kaji sun ga tsaba ba. Ku da kuke buga bakwai bakwai in mutum guda ya ƙi komowa baya an bar biyar suna fama da shida ke nan, wa zai iya? In aka amshe maka, kai za ka fara bin mai shi. In bugun kwana ne kowa ya kama mutum guda tun kahin a bugo, ku saurari gardiye don shi ke ganin fili duka. Kuma kar ka ƙone numfashinka a minti goman farko da rana tana bisa, balo ya fi ka gudu, bar shi ya yi aikin.

Ka tuna labarin da nake ba ku na Oktoba 2010, ranar da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta ci Masar 1 da 0 a Yamai? Masar fa da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008, 2010. Kowa Musa Ma'azu yake kira don shi ya jefa, amma mu da muka kalla a tele a fada mun ga yadda 'yan baya suka sha wuya suka hana a rama. Da an rama wa zai tuna da ƙwallonsa? Kuma a 2011 'yan Afirka ta Kudu sun yi kunnen doki da Saliyo suna ta rawa wai sun wuce, ashe ba su fahimci doka ba, mu da su da Saliyo maki 9 kowa, aka duba wasannin da muka yi tsakaninmu, Mena ta tahi kofin 2012. Don haka ka ce wa kapiten ɗinku ya tambayi masu shirya kup ɗin yadda suke lissahi tun yanzu.

Ka samu ɗan Malam ka ba shi haƙuri kahin macin Asabar, ba sai a gaban mutane ba. Maganar takalmi kuma na ji, na aiko da jika biyar wurin innarka, in ba su isa ba ka jira ni. Ana kiran magariba ka bar fili ko da ku ke kan ci. Ka gaida kaka.

Babanka